Kirarin Baba a Gindin Rumbu

'Ya'yana, na san abin da Goggonku Lami take gaya muku idan kun je gaishe ta. Tana cewa ni na kai ƙarar mahaifina gaban dattawan majami'a, har ya mutu ba a yi masa baftisma ba. Akwai gaskiya a cikin maganarta, ba zan ɓoye ba. Amma ita daga tsakiya take ɗauko labarin, ni kuwa ba na son abin da aka fara daga tsakiya. Zan faɗa muku yadda aka yi bi da bi, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe.

Mu Maguzawa ne, daga wani ƙauye a bayan Wurma, cikin ƙasar Kurfi. Sunan kakanku Nomau, manomi ne da ba ya barin rana ta riga shi gona. A tsakar gidanmu, kusa da turken awaki, akwai wani baƙin dutse mai girman ƙaramin turmi, da ɗan rami a kansa inda jini ke taruwa. Shi ne dutsen gida, kakannin kakanninmu suka kafa shi. Kafin shuka a yanka masa jan zakara, kafin a ci sabon gero a zuba masa giya, in yaro ya kwanta a je a yi masa magana. Baba ne mai yanka don shi ne babba, ƙanensa Baffa Arzika kuma shi ke riƙe ƙafafun zakara. Haka na tashi na gani.

Ni na fara tuba. An kai ni Dutsin-Ma koyon aikin kafinta wurin wani Bayarabe, shi ya fara jana zuwa majami'a. Majami'ar ɗakin ƙasa ce mai rufin ciyawa a bayan gari, masu zuwa kuma kusan duk baƙi ne da aiki ya kawo su: akawuna, teloli, masu gyaran mota. Mai bishararmu Malam Bitrus ne, mutumin kudancin Zariya, dogo, mai sanyin magana. A wurinsa na koyi ɗan karatun da nake da shi, a can aka yi mini baftisma aka sa mini Ishaya. Daga baya Malam Bitrus ya riƙa hawa kekensa yana zuwa ƙauyenmu. Baba ya daɗe yana saurarensa, bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ana gab da samun mulkin kai, wata rana ya kwaso layunsa da ƙahonin magani ya zuba a wuta a gabanmu, ya ce ya bi Yesu. Malam Bitrus ya tambaye shi dutsen fa.

Baba ya ce, "Na kawar da shi."

Muka duba, ga ramin da dutsen ya bari, kaji har sun fara birgima a ciki. Ba wanda ya tambaye shi inda ya kai shi. Ku riƙe wannan, domin daga nan komai ya taso.

Koyarwar Malam Bitrus ta farko ga kowane sabon mai bi ita ce, kada ya sa komai a bakinsa da safe sai ya yabi Allah. Ni a ɗakina ina da tsari wanda har yau ban canza ba, kun kuwa san shi: waƙa, karatu, addu'a. Baba bai iya karatu ba, waƙoƙin littafi kuma sun ƙi zama a bakinsa. Ya ce suna tafiya kamar jaki mai ciki. Amma shi mutum ne da ya yi ƙuruciyarsa yana yi wa manoma kirari a wurin gayya, saboda haka ya ɗauki abin da ya iya ya miƙa wa Allah. Kowace safiya kafin rana ta fito sai a ji muryarsa har maƙwabta.

"Mai sama, mai ƙasa, mai abin da ke tsakani! Mai rijiya cikin gajimare! Kai ka ƙirga ƙwayar gero ba ka gaji ba! Uban Yesu, wanda kabari ya kasa riƙe ɗansa! Na kwana, na tashi, aikinka ne!"

Daga nan sai ya shiga lissafa wa Allah abin da ya yi jiya, kamar Allah ya manta: akuya ta haihu, kumburin ƙafar Inna ya saɓe, tsuntsaye sun tsallake gonarmu sun faɗa ta wani. Ko ruwa ake yi bai fasa ba. Malam Bitrus da ya ji labari ya yi murna, ya sa shi da Inna a ajin baftisma. Ku sani a lokacin Malam Bitrus ba shi da ikon yi wa kowa baftisma. Fasto ne ke zuwa daga nesa, sau ɗaya a shekara bayan kaka, a tara duk wanda ya shirya a kai shi gulbi. Wanda ya kuskure, sai baɗi. Baba ya sa rai ƙwarai. Ran Asabar sukan taka da ƙafa shi da Inna har Dutsin-Ma, su kwana wurina, su yi aji bayan sujada.

Ana cikin girbi, sai Mista Josef ya je kasuwar Kurfi sayen kaji. Mista Josef akawu ne daga ƙasar Ibo, shi ne babban dattijon majami'armu. Mai kajin da ya tsaya wurinsa kuwa Baffa Arzika ne, wanda bai tuba ba, bai kuma yafe wa Baba kawar da dutsen ba. Da ya gane ko wane ne, sai ya yi dariya.

Ya ce, "Ku ne kuka raba Nomau da dutse? Ku tahi gidan da sassafe ku ga wanda yake yi wa kirari."

Ran Lahadi bayan an tashi daga sujada dattawa suka tsayar da ni. Ba zan ce Mista Josef mugu ne ba. A garinsu ya ga mutanen da aka nutsar a ruwa ran Lahadi, suka koma yanka wa gunki ran Litinin, abin kuma ya tsaya masa a rai. Ya riga ya yi bincikensa wurin masu zuwa cin kasuwa, ya jera mini abubuwa uku. Na ɗaya, tsohon a wuri guda yake tsayawa kullum, a gindin sabon rumbunsa. Na biyu, muryar da yake yi irin wadda ake kiran iskoki da ita ce. Na uku, har yanzu akwai jan zakara a gidan.

Na ce, "Mista Josef, kowane gida a ƙauyenmu akwai jan zakara."

Ya ce, "Kowane gida a ƙauyenku akwai dutse kuma. Ina naku ya tafi?"

Malam Bitrus yana zaune yana murza yatsunsa. Can ya ce shi in ya je, za a san dalilin zuwansa, amma ni ɗan gida ne. In je in zauna kwanaki, in duba, in dawo in faɗi abin da na gani, kada in ƙara, kada in rage. Na ce to. Ban amsa don tilas ba. Ni kaina tambayar Mista Josef ta shige ni, ina so in sani.

Na ɗauki zarto da guduma na tafi gida da sunan zan gyara ƙofar ɗakin Inna. Da yake ni ne ɗan fari, iyayena ba sa kiran sunana. Inna tana ce mini Baƙo, Baba kuma Kafinta. An gama sa gero a rumbu, an liƙe bakinsa da laka, an kifa masa jinka. Rumbun ƙasa ne babba, an ɗora shi bisa itatuwa, itatuwan kuma bisa duwatsu, yadda aka saba saboda gara da damshi.

Safiyar farko na leƙa ta tsagar ƙofa. Baba ya fito, bai dubi hagu ko dama ba, ya nufi rumbu, ya tsaya daga gabas da shi, ya cire hula, ya ɗaga murya. Na saurari kowace kalma. Ban ji sunan wani iska ba, Allah da Yesu kawai. Raina ya fara kwanciya. Amma da ya gama, sai na ga ya duƙa, ya dafa gwiwoyinsa, ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa yana kallon ƙarƙashin rumbun. Sannan ya miƙe ya sa hularsa.

Da rana, da kowa ya tafi gona ɗaurin kara, na kwanta rubda ciki na leƙa. Duwatsun duk jajaye ne na ƙasarmu, sai guda ɗaya a can tsakiya, wanda babban icen ya hau kansa. Baƙi ne. An kwantar da shi ta gefe, amma na ga ɗan ramin nan da na sha ganin jini a ciki tun ina yaro. Na daɗe a kwance a wurin. Daga ranar komai na gidan ya zama abin dubawa a wurina. Na sunsuni ƙasar wurin ko zan ji warin giya. Na tsinci gashin kaza a ƙarƙashin rumbun na juya shi ina neman jini, alhali na san nan kaji ke fakewa in rana ta yi zafi. Da magariba in tsaya bakin akurki sai na ga jan zakaran nan ya shiga da ƙafarsa. In Baba da Inna sun yi magana a hankali, in ɗauka a kaina ne. In Baffa Arzika ya wuce ta ƙofar gida, in duba ko sun haɗa ido da Baba.

Inna ta ce, "Baƙo, tun da ka zo kake bin kajina da ido. In nama kake so ka hwaɗi, a yanka maka."

Lami kuwa, lokacin tana budurwa, bakinta kamar yadda kuka san shi yau. Ta same ni ina goge ƙofar da na riga na gama gyarawa.

Ta ce, "Yaya, ƙofar nan ita ma ajin baftisma ka sa ta? Na ga kullum jarrabawa kake mata."

Abin da ya rage mini shi ne in ji maganar da Baba ke yi in ya duƙa. Wata safiya na riga shi fita, na raɓe a bayan zanan da ke kusa da rumbun. Ya zo ya yi kirarinsa, ya gode wa Allah saboda gero, saboda Kafinta ya zo gida, saboda haƙorinsa ya bar ciwo. Sannan ya duƙa. Na ji shi sarai.

"Ka dai ji ko? To, ci gaba da ɗaukar kaya."

A ranar na bi shi gona. Yana zaune a gindin gawo yana murza igiyar rama. Bai ɗago kai ba.

Ya ce, "Kafinta, ƙofar ta gyaru, ko akwai sauran leƙe? Zanan nan da ka raɓe ya tsufa, ana ganin ƙafar mutum."

Na ce, "Baba, ka ce ka kawar da shi."

"Na kawar da shi mana. Shina inda ka san shi?"

"Yana ƙarƙashin rumbu."

"To. Zauna in tambaye ka, tun da kai ne mai karatu. In na kai shi daji na yar, wa zai ɗauko shi kahin rana ta hwaɗi? Arzika. In na jefa shi gulbi, rani ya yi, ruwa ya janye, wa zai ɗauko shi? Arzika. Na sa masa gatari, gatarin ya dakushe. Sai na ce, kai wanga dutse, tun ubana na da rai kake cin zakarunmu, ko dami guda ba ka taɓa ɗauka ba. Yanzu ka zama bawa. Na aza masa geron shekara bisa kai. Mai so ya ɗauko shi daga nan."

Na ce, "To don me kake tsayawa wurinsa in za ka yabi Allah? Gidan da faɗi."

Ya ce, "Don shi ji. Shekara da shekaru ni na yi mashi kirari da bakin nan. Yanzu kullum sai ya ji wanda ya hi shi."

Na ce, "Baba, dutse yana ji?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni.

"In ba shi ji, mi ya dame ku? In kuwa shina ji, to shi ji."

Na juya wannan amsa a raina ta kowane gefe, ban iya cewa ta mai bi ce ko ba ta mai bi ba ce. Na gaya masa dattawa ne suka aiko ni. Ya ce ya sani tun ranar da na shigo da zarto, don ƙofar Inna ba abin da ya same ta. Ya ce in faɗa musu duka, har da duƙawar.

Lami ta raka ni har bakin hanyar Kurfi. Ta bar tsokana.

Ta ce, "Yaya, ka ga jini?"

Na ce a'a.

"Ka ga giya?"

Na ce a'a.

"To ka ce masu ba ka ga jini ba, ba ka ga giya ba, ka ja bakinka ka yi shiru. Ƙarya ka yi? Tsohon nan har sabuwar riga ya sa an saƙa mashi ta shiga ruwa. Waɗancan baƙi ne, ba su san kirari ba, ba su san rumbu ba. Kana hwaɗin dutse, shi ke nan."

Na ce mata abin da na gani aka aike ni in faɗa, ba abin da ban gani ba. Na ce in na ɓoye, aka yi masa baftisma, Baffa Arzika zai tona maganar a kasuwa, a ce da uban da ɗan duk munafukai ne. Ta ce ni dai na fi tsoron akawu da tsoron hawayen uwata. Ta juya. Na tsai da shawarata a wannan hanya, kuma har yau ban ga wata hanyar da zan bi in ci gaba da tsayawa gaban Allah da safe ba.

Na faɗa wa dattawa komai bi da bi: wurin tsayuwa, kalmomin kirarin, dutsen, duƙawar, da amsar Baba.

Mista Josef ya ce, "Kun ji. Wanda yake yi wa dutse magana ya yarda dutse yana ji."

Malam Bitrus ya ce, "Amma ba roƙonsa yake yi ba. Gori yake masa."

Mista Josef ya ce, "Malam, a garinmu na ga mutum yana zagin gunkinsa da safe, da yamma ya yanka masa akuya don ya huce. In ba ya tsoronsa, ya ba mu shi."

Aka tsaya a kan haka: Baba ya fito da dutsen ya miƙa wa majami'a kafin fasto ya zo, in ba haka ba ya jira. Ni aka sake aikawa da saƙon. Baba ya saurara, ya tashi ya zaga rumbun, ya buga jikin rumbun da tafin hannu. Ya ce dutsen ne ke riƙe da tsakiya, in an zare shi rumbun cike da gero zai tsage. In kuma za a kwashe geron, ina za a zuba abincin shekara, a ƙasa, gara da awaki su raba? Na ce zan tokare shi da itatuwa. Ya ce rumbun ƙasa ba tebur ba ne. Ya ce su yi haƙuri sai bazara, in geron ya ja ƙasa, shi da hannunsa zai tono shi. Da na kai wannan amsa, Mista Josef ya kaɗa kai kawai. A wurinsa jinkirin ya isa shaida. Ni kuma a kan hanya na yi ta auna rumbun a raina, ko da gaske zai tsage, ko tsohon ba ya so ne. Ban taɓa gina rumbu ba, ban iya yanke hukunci ba.

Ranar baftisma aka taru a bakin gulbi. Inna ta ce ba za ta shiga ruwa ba sai da mijinta. Baba ya daka mata tsawa a gaban mutane, abin da bai saba ba, ta shiga tana kuka. Shi ya tsaya a kan gaɓa da sabuwar rigarsa, hula a hannu. Da aka ɗago Inna daga ruwa sai ya ɓarke da kirari, har fasto ya waiwaya ya tambaya wane ne wannan. Daga ranar Lami ta bar gaishe ni, sai da aka haifi babbanku ta sake shiga ɗakina.

Da bazara Baba ya cika maganarsa. Muka kwashe ragowar geron, muka tokare rumbun, ya tono dutsen, muka sa wani a gurbinsa. Mista Josef ya ce a jefa shi a gulbi, a wurin da ruwa ba ya ƙafewa. Baba ya ce ba abin da zai hana Arzika nutso. Aka ɗora wa jaki duk da haka, mu huɗu muka kai shi muka jefa: ni, Baba, Malam Bitrus, Mista Josef. Ba a daɗe ba labari ya zo cewa dutsen yana tsakar gidan Baffa Arzika, da ɗanyen jini a kansa. Mista Josef ya ce a cikin mu huɗu wani ya nuna wurin, kuma ya san ba shi ba ne, ba Malam ba ne. Wataƙila wani makiyayi ne ya hango mu. Wataƙila Baffa ya bi sawun jaki. Har yau ban sani ba. Na sake komawa gida na saurara. Baba yana nan yana yabonsa kowace safiya, a wurin da ya saba, ba ya duƙawa kuma. Abu ɗaya ya canza: ya ƙara murya, ya kuma ɗan juya fuskarsa wajen gidan Baffa. Wannan ma na faɗa wa dattawa. Rabinsu suka ce ya ci gaba da gori ne, rabi suka ce bin dutsen yake da ido.

Ana cikin wannan rabuwa damina ta yi tsakiya, gero ya fara fid da kai, tari da zazzaɓi suka kwantar da Baba. Aka aiko mini. Malam Bitrus ya goya ni a kekensa, inda laka ta yi yawa mu sauka mu tura. A hanya ya gaya mini abin da ke damunsa. A majami'armu, da yake yawancinmu mutanen kudu ne, wanda ikkilisiya ta karɓa a cikin akwati ake binne shi, da waƙa da karatu. Wanda ba ta karɓa ba, danginsa ake bar wa. Ya ce in abin ya zo, bai san wanne zai yi wa Baba ba, ga shi ba a yi masa baftisma ba, ga dattawa ba su daidaita ba.

Muka kwana a ƙauye. Gari na wayewa sai ga Baffa Arzika da jan zakara a hammata. Maguzawa suna cewa mutum ya iya ɓoye abin da ya dogara da shi duk tsawon ransa, amma a bakin mutuwa shi zai kira. In Baba ya kira dutsen gida, za a yanka zakaran, su ɗauki gawarsa su binne yadda suka gada. Baffa ya zauna daga hagun ƙofa. Malam Bitrus ya zauna daga dama. Ba su gaisa ba. Ni da Inna da Lami muna ciki. Kowa ya kasa kunne ga bakin tsoho ɗaya, ni ma a cikinsu.

Baba ya ce a ɗage asabari ya ga haske. Ya so ya tashi, ya kasa, na tallafe shi ya jingina da ƙirjina. Ya laluba kansa zai cire hula, babu hular, ya sauke hannun. Muryar ta zama kamar ta mai raɗa, yana yi yana tsayawa tari.

"Mai sama, mai ƙasa. Mai rijiya cikin gajimare. Uban Yesu. Na kwana, na tashi, aikinka ne."

Ya gode saboda geron da ya fid da kai, ko da ba shi zai ci ba. Ya gode saboda Inna ta shiga ruwa. Ya gode saboda Lami, ya ce Allah ya rage mata kaifin baki kaɗan, kada ya rage duka. Ya gode saboda Malam ya iso ba tare da taya ta fashe ba. Muka jira ko akwai saura. Baffa Arzika ya matso da gwiwa har kansa ya shigo ɗakin.

Ya ce, "Yaya, ga zakara na kawo. Kalma guda za ka ce, in tahi in yanka. Ba wanda zai ga laihinka."

Baba ya buɗe ido ya dubi zakaran, ya daɗe yana dubansa. Na ji numfashin Malam Bitrus daga waje.

Baba ya ce, "Ya yi ƙiba. Bai wa Inna ta dahwa wa Malam, ya sha hanya."

Bai sake magana ba. Kafin rana ta take ya cika a hannuna. Mata suka fara kuka. Na kwantar da shi na fito. Mutanen ƙauye sun taru a ƙofar gida, suna duban Baffa, domin yanzu shi ne babba, shi zai ce a ɗauka ko a bari. Ya miƙe, ya gyara riƙon zakaransa, idanunsa sun yi ja.

Ya ce, "Na saurara har ƙarshe. Ba namu ba ne. Ya daɗe da barinmu, ni ne ban yarda ba." Ya dubi Malam Bitrus. "Ku binne abinku."

Ya ratsa cikin mutane ya tafi da zakaransa. Malam Bitrus ya zauna kansa a ƙasa, har na ɗauka addu'a yake yi. Can ya ɗago.

Ya ce, "Ishaya, kana da katako?"

Na ce akwai a Dutsin-Ma.

Ya ce, "To shiga ka auna shi, ka ɗauki kekena. In Mista Josef ya tambaye ka akwatin wane ne, ka ce na Nomau ne, ni na ce a yi."